Sanarwar Bayan Taro Kan Kafa Injinan Lantarki Masu Aiki Da Iska Kusa Da Gidajen Jama'a

Ƙungiyarmu ta masu tsara garuruwa da kula da muhalli ta yi zama a birnin Katsina, tare da wakilan manoma da makiyaya da masu unguwanni, kan tazarar da ta kamata a bari tsakanin injinan iska da gidajen mutane. Ga matsayar da aka cimma.

Taron ba ya adawa da wutar iska. Duk wanda ya kwana cikin zafin bazara ba wuta ya san darajarta, kuma a jihar nan aka kafa tashar Lambar Rimi mai injina 37, da aka tsara za ta ba da megawat 10. Sai dai injinan Rimi ƙanana ne, kilowat 275 kowanne. Waɗanda ake yayi yanzu, irin guda 46 da ke Taiba Ndiaye a Senegal, daga ƙasa zuwa ƙarshen fiffike sun haura mita 150. Idan irin wannan ya tsaya a bayan gida, da hantsi ko la'asar sakaliya inuwar fikafikansa za ta riƙa giftawa ta tsakar gida, haske ya zo, duhu ya zo, mace na tankaɗe abin yana ɗaukar mata ido. Da dare kuwa, in gari ya yi tsit, ga gurnani har asuba. Wannan ba ƙorafin banza ba ne.

An duba yadda ta kaya a wasu ƙasashe. A Kinangop ta Kenya, aikin kimanin megawat 60 ya rushe a 2016 bayan manoma sun tayar da ƙayar baya kan filaye da kusancin injinan da gidajensu. Jihar Bavariya ta Jamus ta kafa doka a 2014 cewa tazara ta kai ninki goma na tsawon injin, sai gini ya kusa tsayawa cak. Ingila ma ta tsaurara ƙa'ida a 2015, ba ta sassauta sosai ba sai 2024. Faransa ta tsaya kan mita 500.

Nan aka fi jan magana. Wasu wakilai sun nemi a ɗauki ninki goma, mafi rinjaye suka ƙi, domin hakan rufe ƙofa ne ga wutar da muke nema ruwa a jallo. An amince tazara ta riƙa bin tsawon injin, kada ta gaza mita 500 daga gida ko makaranta ko asibiti. Tunda Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu, muna kira ga Majalisar Dokokin Jiha ta rubuta wannan ƙa'ida tun kafin a haƙa ramin turke na gaba.

Dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta tanadi jin ra'ayin jama'a. Ajiye ƙaton rahoto da Turanci a sakatariya bai isa ba. A karanta shi da Hausa da Fulatanci a ƙofar dagaci, a nuna taswira, a ji bakin mata da arɗo.

Batun diyya ya fi damun manoma. Dokar Filaye ta 1978 shuka da gini take biya, ba ƙasar kanta ba, alhali gonar gado ita ce jarin iyali. Taron ya nemi a riƙa biyan mai gona haya duk shekara, a bar shi ya noma gefen turke. Kada shinge ya toshe burtali ko mashaya, kada a taɓa maƙabarta, kuma ƙauyen da ya ba da fili a fara ba shi wuta.

An ɗora wa shugabanni miƙa wannan matsaya ga Majalisa da Masarautun Katsina da Daura.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare