Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Haƙƙin Maƙwabtaka Da Tsaron Unguwa A Batsari Da Safana

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwana matasa maza da mata, duk lokacin da aka ambaci tsaro a Batsari ko Safana, hankalin mai sauraro yakan tafi kai tsaye zuwa dajin Rugu, ya hango babura da bindigogi da garken shanun da aka kora. Wannan ba laifi ba ne, domin daga can bala'in yake fitowa. To amma ni yau ina son mu juyo da fuskarmu cikin gari, mu dubi unguwa da lungu da gidan haya da majalisar samari, saboda ina ganin akwai wani kaso na wannan fitina da ke hannunmu, wanda soja ko ɗan sanda ba zai iya gyara mana shi ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, abu biyu suke rusa tsaron unguwanninmu: shirun da muke yi idan mai laifi namu ne, da gaggawar da muke yi wajen hukunci idan wanda ake zargi baƙo ne.

Bari in fara da tunatarwa, don kada a ɗauka ina raina girman abin da ya faru. A watan Mayu na 2019 an kashe mutum 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, har jama'a cikin ɓacin rai suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Ƙauyukan ƙasar Safana da ke bakin daji, daga yankin Runka zuwa Zakka, su ma sun sha nasu rabon na sata da garkuwa da mutane da barin gonaki. Gwamnati ta gwada hanyoyi iri-iri. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, sulhun bai ɗore ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma, matasa sama da 1,400 da aka ɗebo daga yankunan da abin ya fi shafa. A 2025 kuma shugabannin al'umma suka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana da wasu ƙananan hukumomin.

A cikin waɗannan matakai, wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne katse layin waya. Babban dalilin da aka bayar a lokacin shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu labari, waɗanda muke kira infoma. Ka tsaya ka yi nazari, ya ɗan'uwana mai karatu. An hana ɗimbin bayin Allah gaisawa da iyayensu, an tsayar da ciniki da tura kuɗi, saboda wasu 'yan tsiraru da suke kwana a cikinmu, suke sallah a sahunmu. Ɗan bindigar da ke cikin daji bai san wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa ba, bai san gidan da ɗansu ya aiko da kuɗi daga Legas ba, bai san ƙofar da ba ta da sakata ba. Wani ne ya faɗa masa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, daga ina wannan ɗan garin yake fitowa? A mafi yawan lokaci yaron da kowa ya sani ne. Ya fara da ƙin makaranta da yini a kango. Daga nan sai sigari, sai wiwi, sai sholisho da ƙwaya. Abin shan nan yana son kuɗi kullum, shi kuwa ba shi da sana'a, sai kazar maƙwabta ta fara ɓata, sai akuya, sai batirin sola na masallaci, sai ƙwacen waya da wuƙa bayan sallar isha'i. Mutanen birnin Katsina sun daɗe da sanin irin wannan a wurin ƙauraye. Ranar da wani ya zo ya miƙa wa irin wannan yaro 'yan dubbai don ya nuna gida ɗaya kawai, zuciyarsa ta riga ta saba da cin amanar maƙwabci, ba za ta yi masa gardama ba. Matsalar ƙwaya kuwa babba ce a ƙasa baki ɗaya: binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da su, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Ba kowane mai shaye-shaye ne yake zama infoma ba, Allah ya kiyaye mu da yi wa mutane ƙazafi. Amma wannan ita ce tsagar bangon da ƙadangare yake samun wurin shiga.

A duk tsawon wannan tafiya, unguwa tana kallo. An san dilan ƙwaya da sunansa, an san shagon da ake sayen wayar sata, an san wanda yake kai buhunan biredi da jarkokin fetur bakin daji da dare. Me ya hana a yi magana? Ɗan wane ne, jikan liman ne, ƙanen matar mai unguwa ne, yaron ɗan siyasa ne. Idan kuma an kama shi, kafin gari ya waye dattawa sun sa manyan riguna sun tafi beli, wanda ya kai ƙara shi ne zai koma abin ƙi a unguwa. Muna kiran wannan rufin asiri da zumunci. Amma Musulunci ya bambanta tsakanin rufa asirin wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa, da ɓoye wanda yake cutar da jama'a. Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin da Manzon Allah ya buga da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda wurinsu don su ɗebi ruwa. Idan na sama suka ƙyale su kowa ya nutse, idan suka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Unguwa jirgi ce. Kuma a wani hadisin an koya mana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Saboda haka uban da ya ɓoye ɗansa mai ƙwacen waya bai taimake shi ba, ya dai ƙara masa nisa a hanyar da ƙarshenta kurkuku ne ko kabari.

Wannan ita ce cuta ta farko. Ta biyu kishiyarta ce, kuma ta fi ta zubar da jini. Mu ɗin nan da muke kasa buɗe baki a kan ɗan maƙwabcinmu, da zarar an nuna wani baƙo an ce infoma ne, ko an ga Bafulatani ya shigo kasuwa da sandarsa, sai ka ga taro ya haɗu da sanduna da duwatsu, ba shaida ba alƙali. Ba wanda zai musanta cewa 'yan sintiri da yawa sun ba da rayukansu don kare garuruwansu, Allah ya gafarta musu ya kula da bayansu. Amma kuma sananne ne cewa kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ba bisa ƙa'ida ba ya haifar da ramuwar gayya a kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba, shi ya sa gwamnonin yankin, a taron da suka yi a Katsina cikin watan Agusta na 2019, suka amince a haramta ayyukansu. Yaron da aka kashe ubansa a kasuwa ba da haƙƙi ba, daji yana jiransa da hannu biyu.

Mu matasa masu riƙe da waya muna da namu kason a nan. Hoto ɗaya a Facebook ko WhatsApp da rubutun cewa ga infoman gari kaza ya isa ya sa a ƙone gidan mutum, alhali wataƙila rikicin gona ne ko bashi ko kishin neman aure ya sa aka ƙulla masa. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci. Waɗannan ayoyi ba a ɗage su ba don muna cikin tsoro; lokacin tsoron ne ma aka fi bukatarsu.

In ka duba da kyau, cututtukan nan biyu uwarsu ɗaya: muna auna laifi da wanda ya yi shi, maimakon mu auna shi da abin da aka yi. Namu ko ya yi kisa yaro ne, na wasu ko ya yi tari ɓarawo ne. Unguwar da take hukunci haka ba za ta zauna lafiya ba ko da an girke mata bataliya guda.

Iyayenmu suna da tsari a kan wannan. A da, baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, wato Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana. Tsarin ya yi rauni bayan an karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Yau bukatarsa ta fi ta da, domin garuruwan Batsari da Safana sun karɓi 'yan gudun hijira da yawa daga ƙauyuka, gidajen haya sun cika, mutum yana iya shekara bai san sunan wanda suke haɗa katanga da shi ba. Sanin baƙo kariya ce gare mu, kuma kariya ce gare shi, domin wanda mai unguwa ya san asalinsa da sana'arsa ba a saurin yi masa sharri. Suratun Nisa'i, aya ta 36, ta haɗa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa a cikin umarnin kyautatawa, ba ta ware ɗan gudun hijira ko ɗan haya ba.

Muna kuma da abin koyi a tarihi. Kafin annabci, wani ɗan kasuwa baƙo daga Yaman ya sayar da kaya ga wani babban mutum na Makka, ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka ƙulla alkawarin da ake kira Hilful Fudul, cewa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Manzon Allah ya halarci wannan zama yana matashi, kuma ya yaba shi bayan zuwan Musulunci. Lura da cewa wanda aka zalunta baƙo ne, azzalumin kuwa ɗan gari ne mai dangi. Irin wannan alkawari nake ganin kowace unguwa take bukata, kuma ga yadda nake ganin za a fara.

Na farko, kowane masallacin unguwa ya zama yana da ɗan kwamiti da ya haɗa liman da mai unguwa da matasa, da wakiliyar mata, domin su ne suka fi sanin abin da ke shiga gidaje da fita, da wakilin baƙi da Fulanin da ke zaune a wurin. Na biyu, duk mai gidan haya ya gabatar da ɗan hayarsa ga mai unguwa kafin ya ba shi makulli. Na uku, ƙananan laifuffuka a bi su mataki-mataki tun suna ƙanana: nasiha a asirce, sannan kiran iyaye, sannan Hisba ko hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ko 'yan sanda, kuma unguwa ta yi alkawari tun farko cewa ba za ta je roƙon a saki wanda ya maimaita laifi ba, ko ɗan waye. Na huɗu, zargin infoma a kai shi ga hukuma da hujja, kada a kai shi dandali ko intanet, kuma duk wanda aka kama a miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Na biyar, yaron da ya tuba a nema masa abin yi, ko da koyon gyaran babur ne ko ɗinki, domin in muka kore shi daga majalisarmu akwai majalisar da za ta karɓe shi.

Na san wani zai ce, malam, kana magana kamar ba ka san cewa wanda ya kai rahoto shi ake bi har gida ba. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ban ce wani ya jefa kansa cikin halaka ba. Dalilin kafa kwamiti ke nan, don magana ta fito da sunan unguwa, ba da sunan mutum ɗaya ba. Kuma wajibi ne a kan jami'an tsaro su riƙe sirrin mai kawo rahoto, domin duk sirrin da ya fita yana rufe bakin mutum ɗari. Wani kuma zai ce talauci ne tushen komai, aikin gwamnati ne. Lallai tsare rayuka da samar da makarantu da hanyoyi da ayyukan yi nauyi ne a wuyan mahukunta, kuma Allah zai tambaye su. Amma gwamna ba zai zo ya faɗa maka cewa ƙanenka ya fara shigowa gida da wayoyin da ba nasa ba. Wannan kai za a tambaya.

Ra'ayoyi sun bambanta a kan sulhun 2025, wasu suna ganin sauƙi ne, wasu suna tuna abin da ya faru da na 2019. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, sulhu da na daji ba ya gyara tarbiyyar na gida. Duk ɗan sararin da Allah ya ba mu, mu yi amfani da shi mu tanƙwara icce tun yana ɗanye. Manzon Allah ya yi rantsuwa har sau uku yana kore cikar imani daga wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Kowannenmu ya tambayi kansa, shin maƙwabcina ya aminta daga hannuna, da harshena, da wayata, da kuma shiruna?

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, ya shiryi matasanmu, ya zaunar da Batsari da Safana da sauran ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.