Tafintan da Ba a Tuhuma

Mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce, "Na ɗauki kuɗin, amma bashi nake bin sa." Tafinta ya juya ya faɗa da Turanci cewa ya amsa laifinsa. Alƙali ya rubuta abin da ya ji. Rabin maganar da zai wanke mutumin ya faɗi a tsakanin baki biyu, kuma babu inda aka ajiye shi, domin Turancin tafinta ne kaɗai ke shiga kundin kotu.

Sashe na 36(6)(e) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Amma mene ne amfanin haƙƙin idan tafintan na taƙaita shaida, ko yana ƙara gishiri, ko yana raɗa wa talaka cewa ya amsa kawai a yi masa sassauci? Wannan cin amana ne, ko da jahilci ne ya jawo shi.

Laifin ba na tafinta kaɗai ba ne. Lauyoyinmu da ke jin Hausa sarai sukan ji an karkatar da magana su yi gum, wai kada a ɓata wa kotu lokaci. Alhali tun a shari'ar Gwonto ta 1983 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda yake da lauya, bai tayar da batun tafinta a lokacin shari'a ba, da wuya a saurare shi a ɗaukaka ƙara. Tun ran gini, tun ran zane.

Saboda haka a miƙe nan take a yi ƙorafi, a nemi alƙali ya rubuta shi a kundi. Bayan zaman, a kai takarda ga Babban Magatakardan kotun, da lambar shari'a, da rana, da ainihin kalmomin da aka faɗa da yadda aka juya su. Tafintan kotun jiha ma'aikacin shari'a ne, horonsa na hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha. Kada a ɓata tawada ana rubuta wa NJC, ita alƙalai take hukuntawa. Idan kuwa kuɗi ya nema, zancen ya zama na ICPC.

Wasu za su ce tafinta ƙaramin ma'aikaci ne, a rufa masa asiri. To, wanda ke zaune a kurkuku saboda kalmar da bai faɗa ba, wa ya rufa masa nasa?