Zauren Kwamfuta: An Kira Suna, Babu Wanda Ya Amsa

 

A wannan makon saƙo na samu daga Sundimina, a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Mai saƙon ɗalibi ne ɗan aji biyu na babbar sakandare. Yayansa da ke karatu a Dutse ya zo hutu da kwamfutar tafi-da-gidanka, shi kuma ya samu dama ya fara koyon yaren C++ a kanta, cikin manhajar Code::Blocks. Burinsa ya ƙera wasan dara, irin wanda dattawa ke bugawa a gindin bishiya, amma a fuskar kwamfuta. Ga abin da ya rubuto:

"Malam, na sauko da laburaren SDL2 don in zana ramukan dara. Na kwafi darasin harafi da harafi, amma ina danna Build sai jan rubutu ya cika ƙasan allo. Layin farko yana cewa undefined reference to SDL_Init, na ƙarshe kuma ld returned 1 exit status. Sau biyu ina goge Code::Blocks ina sake sauko da shi. Kuɗin datana ya ƙare, ga kuɗin caji kullum a shago. Saura kwana goma Yaya ya koma makaranta da kwamfutarsa. Ko dai kaina ne ba ya ɗaukar wannan karatu?"

Ƙanena, kanka lafiyarsa ƙalau. Wannan jan rubutun ma shaida ce cewa abin da ka rubuta ya tsallake shingen farko. Kada ka sake goge komai. Duk abin da kake nema yana nan cikin kwamfutar, rashin sani ne kawai, kaza ta kwana kan dami.

Ma'aikata biyu ne, ba ɗaya ba

Idan ka danna Build, kana ganin kamar aiki ɗaya aka yi. A'a, ma'aikata biyu ne ke miƙa wa juna. Na farko shi ne kwamfaila, mu kira shi tafinta. Shi ke karanta abin da ka rubuta a fayil ɗin main.cpp, ya duba ko ka manta wani waƙafi ko ka ɓata rubutun wata kalma, sannan ya juya shi zuwa harshen na'ura a wani fayil mai suna main.o. Na biyu shi ne linka, mu kira shi mahaɗi. Shi ke tattara main.o da duk sauran gutattakin da aikinka ke buƙata, ya ɗinke su su zama manhaja guda da za a iya kunnawa. A Code::Blocks sunan mahaɗin nan ld. Don haka duk inda ka ga ld a saƙon kuskure, ka san tafinta ya gama nasa, mahaɗi ne ke kuka.

Laburare kuwa a nan ba ɗakin karatu ba ne. Tarin ayyuka ne da wasu suka riga suka rubuta, suka adana don kowa ya ara. SDL da ka sauko da shi, wani Ba'amurke mai suna Sam Lantinga ne ya fitar da shi a 1998, SDL2 kuma ya fito a 2013. Shi ke buɗe taga a allo, ya yi zane, ya saurari maɓallan da aka danna, ya fitar da sauti, ba sai kai ka rubuta duk wannan daga tushe ba.

Rajista daban, ɗalibi daban

Ku tuna kiran suna da safe a aji. Sunan ɗalibi yana cikin rajista, malam ya kira, amma shiru, domin mai sunan bai shigo ba. To haka abin yake. Layin #include da ka sa a saman rubutunka, wanda ya jawo fayil ɗin SDL.h, rajista kawai ya kawo. A cikinta an jera sunayen ayyuka, irin su SDL_Init da SDL_CreateWindow, da abin da kowanne ke karɓa da abin da yake mayarwa. Tafinta da ya ga sunan a rajista ya gamsu, ya wuce. Shi kuwa mahaɗi ba ya yarda da suna a takarda, sai ya ga mai sunan a tsaye. Ya kira SDL_Init, babu wanda ya amsa, shi ne ya ce undefined reference. Fassararsa ke nan: an ambaci suna, ban ga mai shi ba.

Buɗe foldar SDL2 da ka warware, za ka tarar da ƙananan foldoji uku da suka shafe mu. A include rajista take. A lib ɗaliban suke, wato fayiloli irin su libSDL2main.a da libSDL2.dll.a. A bin kuma akwai SDL2.dll, wanda za mu dawo kansa a ƙarshe. Kai ka nuna wa tafinta include, amma ba ka gaya wa mahaɗi komai game da lib ba. Tambayoyi huɗu za ka yi wa kanka, ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko: na faɗa masa sunan laburaren?

A Code::Blocks, shiga Project, ka zaɓi Build options. A gefen hagu danna sunan aikinka da ke can sama, ba Debug ko Release kaɗai ba, don gyaran ya shafi duka biyun. Sai ka buɗe Linker settings, a akwatin Other linker options ka rubuta:

-lmingw32 -lSDL2main -lSDL2

Harafin da ke bayan karan nan ƙaramin L ne, ba lamba 1 ba, ba kuma babban i ba. Da yawa a nan suke faɗuwa. Ƙa'idar sunan mai sauƙi ce: a cire lib daga farkon sunan fayil, a cire wutsiyarsa, a sa -l a gaba. Shi ya sa libSDL2main.a ya koma -lSDL2main. Haka nan laburaren lissafi, libm, ake kiransa -lm. Mai rubuta yaren C a kan Linux, idan ya nemi tushen wata lamba da sqrt bai sa -lm ba, irin wannan kukan zai ji daga mahaɗi.

Tambaya ta biyu: na nuna masa gidan?

Idan saƙon ya canza ya koma cannot find -lSDL2, ka yi murna, an ci gaba. Yanzu mahaɗi ya san wanda yake nema, gidansu ne bai sani ba. Koma Build options, ka buɗe Search directories. A ƙarƙashin Compiler ka sa hanyar foldar da SDL.h yake ciki, a ƙarƙashin Linker kuma ka sa hanyar foldar lib. Kada ka juya su. Shawarata, ka ajiye laburaren a wuri mai gajeren suna kamar C:\SDL2, ka bar shi nan. Idan ka matsar da foldar gobe, hanyar da ka rubuta ta mutu, kuskuren kuma ya dawo.

Tambaya ta uku: jerin ya yi daidai?

Wannan ita ke ba mutane mamaki. A ce an aike ka kasuwa, kuma dokar ita ce sau ɗaya za ka ratsa layin rumfuna, babu komawa baya. A kowace rumfa, abin da ke cikin takardar saƙonka a lokacin kawai za ka saya. Idan ka wuce rumfar mai gishiri, sai a gaba aka ce maka ana son gishiri, shi ke nan, ka koma gida babu shi.

Haka ld yake bin laburare, daga hagu zuwa dama, yana ɗaukar abin da aka riga aka nema kawai. Saboda haka mai buƙata shi ke fara zuwa, wanda zai biya buƙatar ya biyo baya. mingw32 yana neman wani aiki mai suna WinMain, wanda ke cikin SDL2main. Shi kuma SDL2main yana neman ayyukan da ke cikin SDL2. Ka ga dalilin jerin da na ba ka. Juya shi, sai ka ga undefined reference to WinMain, alhali fayilolin duk suna nan.

Akwai ɗan uwan wannan kuskuren, undefined reference to SDL_main. Shi daga rubutunka yake. SDL2 yana son a buɗe babban aikin da wannan siffa daidai:

int main(int argc, char* argv[])

Idan ka bar tsakiyar bakan fayau, a C++ mahaɗi ba zai gane shi ne wanda ake nema ba.

Tambaya ta huɗu: kayan na wannan injin ne?

Duk wanda ya taɓa zama wurin bakanike ya san fistan ɗin wani babur ba ya shiga injin wani, ko da a ido sun yi kama. Manhajoji ma iri biyu ne, masu bit 32 da masu bit 64, kuma mahaɗi ba ya gauraya su. A cikin kunshin SDL2 akwai manyan foldoji biyu. Mai suna i686-w64-mingw32 ta bit 32 ce, kada 64 ɗin da ke tsakiyar sunan ta ruɗe ka. Mai suna x86_64-w64-mingw32 ita ce ta bit 64.

Wacce za ka ɗauka? Ba kwamfutar za ka duba ba, tafintan za ka duba. Code::Blocks 17.12 ya zo da tafinta mai bit 32, shi kuwa babban kunshin 20.03 mai bit 64 ne a cikinsa. Don ka tabbatar, buɗe baƙin allon umarni a foldar bin ta MinGW, ka rubuta gcc -dumpmachine. Idan amsar ta fara da x86_64, ɗauki ta 64. Idan i686 ko mingw32 kawai ka gani, ɗauki ta 32. Alamar an yi wannan kuskure ita ce ka ga kalmomin skipping incompatible, ko kuma ka yi duk gyaran da ke sama amma sunayen su ci gaba da ƙin amsawa.

A nan kuma sai ka duba sunan kunshin da ka sauko da shi. Na Code::Blocks shi ne mai devel da mingw a sunansa. Mai VC na manhajar Visual Studio ne. Sannan tun watan Janairun 2025 akwai SDL3, wanda aka canza sunayen ayyuka da yawa a cikinsa. Idan darasinka na SDL2 ne, SDL2 za ka nema.

Saura ƙiris

Bayan mahaɗi ya yi shiru, mai yiwuwa ka kunna wasan Windows ta ce ba ta ga SDL2.dll ba. Wannan ba kukan mahaɗi ba ne, ɗinki ya riga ya kammala. Wani ɓangare na laburaren ba a cusa shi cikin manhajarka, sai lokacin kunnawa ake nemansa. Kwafo SDL2.dll daga bin, ka ajiye shi kusa da fayil ɗin wasanka mai wutsiyar .exe, wanda yawanci ke cikin bin\Debug na aikinka. Ka tabbata daga foldar bit ɗin da ka zaɓa ka ɗauko shi. Idan ka ɗauko na ɗayar, za ka iya ganin lambar kuskure 0xc000007b.

Masu amfani da Visual Studio, ciwon ɗaya ne, suna ne ya bambanta. A can ana rubuta LNK2019 unresolved external symbol, kuma tambayoyin suna, gida da bit duk suna aiki.

Abin da nake so kowa ya riƙe

Ko kana koyon SDL ko ba ka taɓa jin sunansa ba, ɗauki waɗannan ɗabi'u uku. Na ɗaya, layin farko na kuskure za ka karanta, ba na ƙarshe ba. Wancan ld returned 1 exit status ba ya faɗin komai illa an kasa. Layi ashirin na jan rubutu sau da yawa dalilinsu ɗaya ne, ana gyara shi duk su ɓace. Na biyu, gyara ɗaya a lokaci ɗaya, ka sake danna Build, ka ga ko saƙon ya canza. Wanda ya taɓa wuri biyar lokaci guda ba zai san wanne ya yi magani ba. Na uku, ka tanadi ɗan littafi. Duk kuskuren da ka warware, rubuta saƙonsa da maganinsa. Kwamfutar za ta koma Dutse, amma littafin yana hannunka.

Dennis Ritchie ya ƙirƙiro yaren C a farkon shekarun 1970, kuma tun kafin lokacin ake raba aiki tsakanin tafinta da mahaɗi. Waɗanda za su karanci kimiyyar kwamfuta a cikinku, a Jami'ar Tarayya ta Dutse ne ko a Bayero ta Kano, wannan saƙon yana can yana jiran ku. Gara ku saba da shi tun yanzu.

Aikin gida

Wannan ba ya buƙatar laburare ko data mai yawa, ko a wayar da ke da manhajar rubuta C++ za a iya yi. A saman rubutunku ku sa wannan layi:

int ninka(int lamba);

Sai ku kira ninka a cikin main, amma kada ku rubuta abin da yake yi. Ku danna Build, ku kwafi saƙon da ya fito. Daga nan ku rubuta masa jiki, ya riƙa ninka lamba sau biyu, ku sake gwadawa. Ku aiko mini da amsar wannan tambaya: a karon farko wa ya yi kuka, tafinta ko mahaɗi, kuma me ya sa?

Kai kuma ƙanena na Sundimina, kwana goma sun ishe ka ka buɗe taga, ka zana ramuka, ka jera 'ya'yan dara. Kafin Yaya ya ɗaure jaka, ka kwashe aikinka da foldar SDL2 a filashi, don duk inda ka samu wata kwamfutar ka ɗora daga inda ka tsaya. Idan taga ta buɗe, ina jiran hoto.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.