HAYA BIYU A WUYAN MUTUM ƊAYA

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal, duk wanda ya baro iyali a Barunde ta Gombe ya san haya biyu ce a wuyansa: ta ɗakin da yake kwana a Kurmi, da ta gidan da matarsa da 'ya'yansa suke ciki. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, sa'an nan masu gudun hijira daga Borno da Yobe suka kwararo cikinta wajen 2014, ɗaki ya yi daraja. Mai gida kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule.

In an ce gwamnati ta ɗauki wani kaso na hayar talaka, sai manya su ce haya ciniki ne tsakanin mutum biyu, ba ruwan hukuma. To, a 2003 da gwamnatin Obasanjo ta daina ba ma'aikatanta gida, ba kuɗin haya ta sa musu cikin albashi ba? Ashe hukuma ta san haya, ta ɗan dako ce ba ta sani ba! Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 rancen mallakar gida yake bayarwa ga mai zuba masa kashi 2.5 cikin 100 na albashi. Ina mai tura baro ya ga albashi? Dokar Ikko ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara daga sabon ɗan haya, amma ba ta sa kwabo a hannun kowa ba. Wa ma zai kai mai gida kotu alhali tabarmarsa na cikin ɗakin?

Hujja ɗaya gare su mai nauyi: wai masu gida za su ƙara haya su haɗiye tallafin, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Maganin wannan rajista. A rubuta gida da ɗakunansa da hayarsa, a biya mai gida kai tsaye, bisa sharaɗin ba ƙari. Amurka, uwar jari-hujja, tun 1974 take cika wa talakanta hayar gidajen 'yan kasuwa. A yau ɗan haya kan biya kimanin kashi 30 cikin 100 na samunsa, hukuma ta biya saura.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kason jihohi ya ƙaru. Majalisar Dokokin Gombe ta ware wani abu daga ciki, a fara da mata masu riƙon marayu da 'yan gudun hijira. Ku kuma, ranar da ɗan takara ya zo fadar Sarkin Hausawa neman goyon baya, ku tambaye shi nawa zai sa a kasafi domin haya.