Sabis ɗin Waya a Gabashin Sakkwato

Sabis ɗin wayar hannu a ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo yana bin kwalta ne da kasuwa. A manyan garuruwa, da kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida ta nufi Goronyo, kira yana shiga, intanet ma tana yi daidai gwargwado. Da zarar an sauka daga titi aka nausa ƙauyukan fadamar Rima, sai sabis ya fara ɗaukewa, har a kai inda sai an hau tudu kafin a ji muryar wanda ake kira.

Harkar wayar salula a Najeriya ta soma ne a Janairun 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Kafin nan layukan NITEL a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kusan dukkansu a birane. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar, ana sayar da layi ɗaya a kan dubban nairori, ana kuma cajin minti guda cur ko da gaisuwa kawai aka yi. Zuwan Glo a 2003 ne ya kawo lissafi da daƙiƙa, sauran suka bi sahu ba don suna so ba. Econet ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010, shi ya sa har yau akan ji dattijo yana cewa layinsa Zain ne. Etisalat ya shigo a 2008, ya koma 9mobile a 2017.

Abin da ke kawo sabis shi ne turken sadarwa, dogon ƙarfen nan da mutane ke kira eriya. Kowane turke yana da iyakar inda yake kaiwa, kuma nisan ya danganta da tsawonsa, da shimfiɗar ƙasa, da irin zangon da yake watsawa a kai. Zangon tsohuwar fasahar 2G yana tafiya nesa, amma kira da saƙo da ɗan abin da ba a rasa ba kawai yake ɗauka. Yawancin zangunan da ke ɗaukar intanet mai sauri ba sa yin nisa kamarsa. Wannan ne ya sa a ƙauye ƙaramar waya mai madannai takan yi kira lafiya lau, alhali babbar waya ta kasa buɗe saƙon murya na WhatsApp. Turken kuma yana da adadin wayoyin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Ranar kasuwar Achida, idan fatake da dillalan dabbobi da masu POS suka haɗu a kan turke ɗaya, sai waya ta nuna sabis cike amma kuɗi ya ƙi tafiya.

Kafa turke lissafin riba ne. Yawancin turakun ƙasar ba na kamfanonin layi ba ne, na kamfanoni ne irin su IHS da ATC, waɗanda ke ba da su haya. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, turke yana rayuwa ne da janareta da batura, sai an kai masa man dizal a mota, an kuma ajiye mai gadi. Inda jama'a ke warwatse kuma kati kaɗan suke saye, kuɗin da turken ke ci ya fi wanda yake kawowa. Dokar sadarwa ta 2003 ta hango wannan, ta tanadi asusun USPF domin tallafa wa kai sabis yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Tanadin yana da kyau a takarda, sai dai tafiyarsa ba ta kai saurin buƙatar mutane ba. Manomin albasa da tafarnuwa a Wurno yana son jin farashin Legas kafin ya loda mota, mai noman rani a ƙasan madatsar Goronyo yana jiran a turo masa kuɗin shinkafa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya mayar da tiransifa dole, har ga wanda bai taɓa taka banki ba.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafin. Injiniya da direban tankar mai ba sa son shiga inda ake tare hanya, don haka turken da ya lalace yakan daɗe a kashe. A Satumban 2021, bayan an toshe layuka a Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, domin raba 'yan bindiga da masu kai musu labari. Matakin ya raba kuma talaka da jami'an tsaro. A watan Oktoba, sabis yana ɗauke, aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane sama da arba'in. A garuruwan bakin iyaka kuwa, inda sabis ɗin kamfanonin Nijar ke tsallakowa, duk mai layin can ya ci gaba da kiransa.

Dokar haɗa layi da lambar NIN, wadda aka fito da ita a Disambar 2020, ta fi yi wa mutanen karkara nauyi, domin wuraren rajista suna hedikwatar ƙaramar hukuma ko cikin Sakkwato, kuma layuka da dama sun rufu kafin masu su su samu zuwa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya turaku da wayoyin fayiba cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, bisa hujjar tsadar mai da faɗuwar naira, tare da sharaɗin kamfanoni su inganta aikinsu. Fasahar 5G, wadda aka yi gwanjonta a Disambar 2021, tana manyan birane ne. A ƙauyukan gabashin Sakkwato mutane suna riƙe waya mai layi biyu, suna gwada wanda ya fi kamawa a unguwarsu.