Andersen Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

Kowace ranar 2 ga Afrilu ake bikin Ranar Littattafan Yara ta Duniya, domin a ranar ce aka haifi Hans Christian Andersen a Odense ta ƙasar Denmak, a 1805. Karramawa ce, amma a ganina ta rage masa girma, domin mafi yawan tatsuniyoyinsa kukan talaka ne da ya shiga gidan masu hali.

Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, mahaifiyarsa wankau take yi. Yana ɗan shekara 14 ya tafi Kofenhagen neman zama ɗan wasan kwaikwayo, bai dace ba. Jonas Collin, ɗaya daga cikin shugabannin gidan wasan sarki, shi ya nema masa kuɗin karatu, ya kuma buɗe masa ƙofar gidansa. Sai dai ƙofar ba ta buɗe duka ba. A harshensu akwai "kai" na sabo da "ku" na girmamawa. A 1831 Andersen ya roƙi Edvard, ɗan Collin kuma amininsa, su koma kiran juna da "kai". Edvard ya ƙi. Haka suka ci gaba da "ku" har mutuwa ta raba su.

Wanda ya san wannan zai karanta labaransa da wani ido. Yarinya mai tallar ashana sanyi ne ya kashe ta a bakin titi. 'Yar ruwan labarinsa na 1837 ba ta auri ɗan sarki ba. Disney ne ya ɗaura musu aure a fim ɗin 1989. Ko ɗan agwagwan nan mummuna, da ake ba yara misalin haƙuri da shi, ba ƙoƙarinsa ya fitar da shi ba: tun a ƙwai shi ba agwagwa ba ne. Asali ne ya cece shi, abin da marubucin bai da shi.

Bai taɓa aure ba. A 1872 ya faɗo daga gado, bai sake samun lafiya sosai ba, kuma ciwon dajin hanta ya kama shi. Ya rasu ranar 4 ga Agusta, 1875, a gidan iyalin Melchior kusa da Kofenhagen.

Gab da rasuwarsa aka nuna masa samfurin mutum-mutuminsa, yara sun kewaye shi. Ya fusata, ya ƙi amincewa. Wanda aka kafa a lambun sarki a 1880 yana zaune shi kaɗai, da littafi a hannu.