Kalmar "Jest" Da Iyakar Wasa

Ɗalibin sakandare da ya buɗe littattafan Turanci na dā, musamman wasannin William Shakespeare wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kalmar "jest". Idan ya duba ƙamus zai tarar an ce wasa ce ko barkwanci, an kuma yi mata alamar cewa tsohuwar kalma ce. To, amma ƙamus bai ƙare zancen ba, domin kuwa wasa iri-iri ne.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda "gesta" ke nufin ayyukan bajinta. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci tana nufin labarin jarumai, irin wanda maroƙa ke bayarwa a gaban sarakuna. Da yake mai ba da labari ba ya rasa ƙarin gishiri, sannu a hankali sai ma'anar ta gangaro, har a ƙarni na 16 ta zama zancen ban dariya. Kishiyarta "joke" ba ta bayyana ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 17, amma ita ce ta ƙwace kasuwa. A yau Bature ba ya cika amfani da tsohuwar sai a rubutu, ko a cikin furucin "in jest", wato "da wasa", ko a sunan "jester", wanda Bahaushe ke kira wawan sarki.

Abin mamaki, a Nijeriya kalmar ba ta tsufa ba. Yaran makaranta har gobe suna kai ƙara wurin malami cewa wani yana "making jest" da su. Sai dai mai karatu ya lura, abin da suke nufi ba'a ce da izgili, alhali kuwa a littattafan dā kalmar ta fi karkata ga raha. Hausa ta rarrabe waɗannan sarai. Akwai raha da barkwanci da kakaci da wargi, waɗanda kowa ke tashi daga cikinsu da farin ciki. Akwai zolaya da tsokana, masu ɗan yaji. Akwai kuma ba'a da izgili, inda ɗaya ke dariya ɗaya na haɗiye baƙin ciki. Ɗalibin da ya fassara "jest" da ba'a ko'ina ya gan ta, ya ɓata ma'ana.

Shi wawan sarki misali ne mai kyau. Sarkin Ingila Henry na Takwas, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, yana da wawansa mai suna Will Somers. A cikin wasan "King Lear" kuwa, sarki ya raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata biyu masu daɗin baki ya kori ta ukun mai gaskiya, wawansa ne ya yi ta nuna masa wautarsa a fuska ba tare da an hukunta shi ba. Haka yake a fadojin ƙasar Hausa. An yarje wa wawa ya faɗi abin da waziri ke jin nauyin faɗa, domin kowa ya san matsayinsa.

Mutumin Ashige, da ke gabas da Lafiya a Jihar Nasarawa, ba ya bukatar zuwa Ingila kafin ya fahimci wannan. Masarautar Lafiya Barebari ne suka kafa ta, ga kuma Fulani da Tibi da Eggon da Alago da Koro da Gwandara da Hausawa, duk ana cin kasuwa ɗaya. Tsakanin Babarbare da Bafulatani akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a watse. Haka tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa, da taubasai waɗanda ke bin juna kuɗin shara a watan Muharram. Maganar da za ta jawo faɗa a bakin baƙo, a bakin abokin wasa ita ce gaisuwa. Masanin nan na Ingila, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a 1940, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin gadon al'adun duniya.

Amma masu iya magana sun ce wargi wuri yake samu. Akwai labarin da ake bayarwa cewa Bafulatani ya bar wa Tibi amanar shanu, da ya dawo ya tambaya sai aka ce masa "mun ci", wai daga nan sunan Munci ya samo asali. Tsakanin su biyun wannan abin raha ne. Da Turawan mulki suka ɗauki sunan suka sa a takardun gwamnati, har aka yi Lardin Munshi daga 1918 zuwa 1926, sai ya fita daga hannun masu wasan, kuma Tibi ba sa son a kira su da shi. Kalmar ba ta sāke ba, bakin da ke furta ta ne ya sāke.

Hatsarin da ake ciki yanzu ya fi wannan. Bayan dokar hana kiwo a sake ta Jihar Binuwai ta fara aiki a Nuwamba 2017, an yi asarar rayuka tsakanin manoma da makiyaya a farkon 2018, har abin ya shafi kudancin Nasarawa. Yaron da ya tashi cikin irin wannan zamani yana iya jin tsohuwar tsokana a bakin dattijo, ko ya karanta ta a Facebook inda babu fuska babu murya, ya ɗauke ta zagi. Wani kuma yana iya fakewa da sunan wasa ya ci mutuncin ƙabila guda.

Saboda haka aikin malami bai tsaya ga cewa "jest" wasa ce ba. Ya kamata ya nuna wa ɗalibi sharuɗɗa uku: wa ke magana, da wa yake yi, kuma ko wanda aka yi wa yana da ikon ramawa. In babu ikon ramawa, to ba'a ce komai sunan da aka ba ta. Iyaye kuma su gaya wa 'ya'yansu su wane ne abokan wasansu da dalilin haka, tun kafin su ji a waje su yi fushi. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.